Zaizayar dimokuraɗiyya: kalmar da nake so mu tsaya a kanta

Assalamu alaikum malamai, 'yan jarida da masu fassara. Akwai kalmar da ta mamaye binciken kimiyyar siyasa kusan shekara goma ke nan, wato democratic backsliding, kuma har yau ba mu tsayar mata da Hausa ɗaya ba. Wani ya ce koma-bayan dimokuraɗiyya, wani ya ce taɓarɓarewa, wani ma ya ce durƙushewa. Ni shawarata ita ce mu ce zaizayar dimokuraɗiyya. Ku ba ni aron kunnuwanku.

Kafin a raɗa wa abu suna sai an san kamanninsa. A watan Janairun 2016, Nancy Bermeo ta Jami'ar Oxford ta buga wata maƙala a mujallar Journal of Democracy wadda kusan duk mai rubutu a wannan fage yake komawa gare ta. Abin da ta lura da shi shi ne, tun bayan ƙarshen yaƙin cacar baka, salon kashe dimokuraɗiyya ya sauya. Juyin mulkin tankokin yaƙi ya ragu, sace akwatin zaɓe a fili ranar zaɓe ma ya ragu. Abin da ya ƙaru shi ne shugaban da jama'a suka zaɓa da hannunsu ya riƙa raunana kotu da majalisa da 'yan jarida da hukumar zaɓe, sannu a hankali, kuma kowane mataki da takardar doka a hannunsa.

Hangari ce misalin da masu bincike suka fi nunawa, kuma ya kamata a dube shi da kyau. A 2010 jam'iyyar Fidesz ta Viktor Orban ta samu kashi biyu bisa uku na kujerun majalisa, a zaɓen da babu mai cewa an yi maguɗi. Da wannan rinjaye aka rubuta sabon kundin tsarin mulki a 2011. Aka ƙara alƙalan kotun tsarin mulki daga 11 zuwa 15, jam'iyya mai mulki ta cike guraben. Aka sauko da shekarun ritayar alƙalai daga 70 zuwa 62, tsofaffin alƙalai da yawa suka tafi gida a lokaci guda. Aka rage kujerun majalisa daga 386 zuwa 199, aka sake shata mazaɓu. Da aka zo zaɓen 2014, jam'iyyar ta samu kimanin kashi 45 cikin ɗari na ƙuri'u, amma ta sake kwashe kashi biyu bisa uku na kujeru. Babu soja a titi, babu sanarwar asuba a rediyo, babu ranar da mutum zai nuna da yatsa ya ce yau ce aka kashe dimokuraɗiyya. Wannan rashin rana guda shi ne zuciyar al'amarin.

To, me ya sa ba koma-baya ba? Ita ce ta fi kusa da lafazin Turancin, shi ya sa ta fi saurin zuwa bakin mai fassara. Amma kalmar ta riga ta ɗauki kaya. Muna cewa koma-bayan tattalin arziki, koma-bayan ilimi, Arewa ta zama koma-baya. Mai sauraro yana jin ta sai ya fahimci rashin ci gaba, an tafi an bar mutum. Ba ta gaya masa cewa akwai abin da aka gina ana cinye shi ba. Kuma tana sa a ɗauka ana komawa inda aka fito ne, alhali Hangari ba ta koma mulkin kwaminisanci ba, wani sabon abu ta shiga wanda ake zaɓe a cikinsa amma filin ya karkace.

Taɓarɓarewa da durƙushewa kuwa sakamako suke faɗa. Sai abu ya riga ya lalace ake kiran su.

Zaizaya fa? Duk wanda gidansu ke kusa da kwari ya san ta. Damina ɗaya ta ci taku biyu na bakin gona, mai gona ya ce ba komai. Wata daminar ta ƙara ci, katangar maƙwabci ta tsage daga ƙasa alhali samanta na tsaye ƙyam da shafenta. Ranar da ta faɗi kowa zai ce ruwan jiya ne, amma aikin shekaru ne. Kalmar tana ɗauke da abubuwa ukun da binciken ke magana a kai: a hankali ake yi, daga tushe ake ci, kuma siffar waje tana nan. Su ma masu binciken wani lokaci suna amfani da kalmar da ke da wannan ma'ana a harshensu, amma ba don haka na zaɓe ta ba. Na zaɓe ta ne don manomi a Ɗambatta ko Tasawa ba ya buƙatar a yi masa sharhinta.

Wani malami ya ce mini kalmar zagon ƙasa ta fi zaizaya dacewa. Malam, Allah ya ƙara basira, hujjarka tana da ƙarfi. Ka ce zaizaya aikin ruwa ne, ba ta da mai laifi, alhali Bermeo ta jaddada cewa masu riƙe da gwamnati ne ke aikata wannan da gangan. Gaskiya ne. Sai dai kalmar zaizaya tana karɓar mai aiki: za mu iya cewa shugaba ya zaizaye ikon kotu, kowa ya gane. Matsalar zagon ƙasa ita ce a ɓoye ake yin sa, kuma galibi na ƙasa ke yi wa na sama. Wannan kuwa a zauren majalisa ake yi, da rana tsaka, ana tafi. Ina ganin mu bar zagon ƙasa ya yi aikinsa a inda aka yi makirci, zaizaya ta zama sunan lamarin gaba ɗaya.

Wani kuma ya ce ai muna da tazarce. Muna da ita, kuma kalma ce mai daraja, tun zamanin Abacha lokacin da jam'iyyu biyar suka tsayar da shi ɗan takara a 1998. Tazarcen Tandja Mamadou a Nijar ma darasi ne cikakke: ya rusa majalisa a watan Mayun 2009, ya rusa kotun tsarin mulki a watan Yuni bayan ta ƙi amincewa da shirinsa, ya yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta, sojoji suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairun 2010. A Najeriya kuwa majalisar dattawa ta yi watsi da gyaran da zai ba Obasanjo zango na uku a watan Mayun 2006. Amma tazarce reshe ɗaya ne. Ana iya zaizaye dimokuraɗiyya ba tare da an taɓa wa'adin mulki ba.

Akwai dalili na ƙarshe da ya fi damuna, shi ne awo. Cibiyar V-Dem da ke Jami'ar Gothenburg a Suwidin ta ce a rahotonta na 2025 ƙasashe 91 ne ke ƙarƙashin mulkin kama-karya, 88 ke bin dimokuraɗiyya, kuma kashi 72 cikin ɗari na mutanen duniya suna zaune a rukunin farko. Alƙalumanta sun dogara ne a kan makin da dubban masana ke ba ƙasashe. Sai wasu masu bincike biyu, Andrew Little da Anne Meng, suka fito da binciken da ya ta da ƙura, aka buga shi a 2024: suka ce idan aka ƙirga abin da ido ke gani, kamar sau nawa masu mulki ke faɗuwa zaɓe da irin tazarar da ake ci da ita, ba a ga wani gagarumin sauyi a duniya ba, ƙila masanan ne duhun labarai ya rinjaya. Mutanen V-Dem suka mayar da martani cewa irin wannan ƙirga ba ya kama abin da ake yi wa kotu da jarida kafin ranar zaɓe. Muhawarar ba ta mutu ba. Ina tare da masu cewa ƙirgen zaɓe kaɗai bai isa ba, amma gargaɗin Little da Meng ya dace da mu ƙwarai. Muna buƙatar kalmar da ke karɓar mizani: ta zaizaye kaɗan, ta zaizaye sosai, zaizayar ta tsaya. Wanda ya ce ana zaizaya, sai a tambaye shi wace hukuma, wace doka, wace shekara. Idan ba haka ba, za ta zama zagin da ɗan adawa ke jifan duk gwamnatin da ba tasa ba, kuma za mu rasa ta kamar yadda muka kusa rasa kalmar adalci a bakin 'yan siyasa.

Saura ƙananan kalmomin da ke ƙarƙashinta. Tattara iko a hannun shugaba ta hanyar doka, wanda Bermeo ta ba suna na musamman, ina ganin babakeren shugaba ya wadatar. Juyin mulkin da sojoji ke yi suna cewa sun zo gyara ne za su mayar da mulki ga farar hula, na rubuta juyin mulkin alkawari, amma kunnena bai gama yarda da shi ba. 'Yan uwanmu na Yamai da Damagaram, ku da kuke fassara daga Faransanci, me kuke cewa a gidajen rediyonku?