Neman shawara: Ita kaɗai ke kirana da sunana, ga shi na tona mata asiri

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. A unguwar Nima ta birnin Accra, Ghana, nake zaune, shekarata 33, 'ya'yana uku, ƙaramar watanta biyar. Ɗinki ne sana'ata, amma yau fiye da shekara guda ke nan kekena yana rufe da tsohon zane, a kansa nake jera famfas da man shafawa da fulas ɗin ruwan zafi.

Ina da aminiya, tun makarantar allo muke tare. Ita ce babba a ɗakinsu, su takwas. Mahaifiyarsu wake da shinkafa take sayarwa a bakin titi, tun asuba take fita, saboda haka tun tana 'yar shekara tara goyo bai bar bayanta ba. Na sha ganin ta tana hadda, ƙani ɗaya a baya, wani a cinya yana jan allon. Yanzu aikin ofis take yi, shekararta shida da aure. Tun kafin a ɗaura ta faɗa wa mijin ba ta son haihuwa, ya ce ya yarda. Lafiyarta ƙalau. Ta ce mini ta gama renonta tun tana yarinya. Duk unguwa ni kaɗai ta faɗa wa, kowa yana zaton Allah ne bai kawo ba.

Tun da na haifi na biyu muka fara nisa. In na kira ta ina kukan gajiya sai ta ce, "Ai ke kika zaɓa." Wata rana ta ce duk hirata ta koma ta zazzaɓi da haƙori da kuɗin makaranta. Na ji zafi, na haɗiye.

Ranar sunan ƙaramar ta zo cikin farin leshi, tana ƙamshi, fuskarta ta mai ƙoshin barci. Ni kuwa kwana bakwai ban runtsa na kirki ba, ɗinkin haihuwa na ja na, nono ya jiƙa mini riga. Gwaggona ta riƙe hannunta ta shiga yi mata addu'a Allah Ya kawo nata rabon. Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce, "Gwaggo daina wahalar da kanki, ita ce ba ta so." Ɗaki cike da mata. Aka yi tsit. Ta ajiye kayan barkar da ta kawo a bakin gado, ta sa takalminta ta fita.

Da dare ta turo mini saƙon murya. Ta ce shekara ashirin tana rufa mini asiri, ni na kasa rufa mata nata. Ta ce kuma in sani ba ƙin 'ya'yana ne ya rage mata zuwa ba, in ta zo ne ba ta samu na, uwar yara kawai take tararwa. Tun daga nan shiru, wata biyar.

Abin da ke ci na shi ne gaskiya ta faɗa. Maigida Maman wane yake ce mini, maƙwabta haka, har mahaifiyata. Ita kaɗai ta rage mai kirana da sunan yanka. Ina son 'ya'yana, Allah shaida, amma akwai daren da nake zama gaban keken nan ina kuka ban san dalili ba. Ta yaya zan ba ta haƙuri? Kuma laifi ne uwa ta riƙa kewar rayuwarta ta da?

Wata Hajiya daga Sabon Zango ta ce:

'Yata, ba zan ɓoye miki ba, kin ci amana. Magana zarar bunu ce, kuma kin zare ta a ɗakin suna, inda magana ke yin ƙafa. Amma tun da zuciyarki ta hana ki sakat, alheri bai ƙare a cikinki ba.

Kada ki ba ta haƙuri ta waya. Ki taka ki je, zumunta a ƙafa take. Kuma kada ki tafi da goyo. Na san halinmu, in mun yi laifi sai mu saɓa jariri a kafaɗa don a ji nauyinmu. Ki bar yarinyar wurin kakarta bayan kin shayar da ita, ki je ke kaɗai. In kin zauna kada ki ce "amma ke ma kin ce mini kaza". Wannan ranar ba ta lissafi ba ce.

Maganar suna kuwa ta taɓa ni. Na haifi tara, bakwai na raye. Bara na je sabunta katin inshorar lafiya, yarinyar da ke kan tebur ta kira sunana har sau uku ban waiga ba, sai jikata ce ta taɓa ni ta ce, "Kaka, ke ake kira." Da na koma gida na daɗe zaune a bakin gado. A wurinmu kiran mace da sunan ɗanta girmamawa ne, ban raina shi ba. Sai dai ƙawayen da suka san ni tun kafin in zama uwar kowa duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma babu mai maye gurbinsu. Ke taki tana raye, mota ɗaya ce tsakaninku.

Wata 'yar uwa daga Aboabo, Kumasi, ta ce:

Ni dai ku yi mini uzuri, ban ga inda duk laifin ya hau kanki ba. Mace na cikin jego, jini bai gama tsayawa ba, ana so ta auna kowace kalma? Ita da take ce miki "ke kika zaɓa", wannan maganar aminiya ce? Kuma gaskiya ban gane mace lafiyayya, ga miji ga rufin asiri, ta ce ba ta son ɗa ba. Wasu suna asibiti suna zubar da dukiya da hawaye. Addininmu ya kwaɗaitar da haihuwa. In tsufa ya zo wa zai miƙa mata ruwa? Ki ba ta haƙuri don tona asirin, amma kada ki mai da kanki ƙasa.

Wata daga Madina ta mayar mata:

'Yar uwa ta Aboabo, ga irin matar da ba ki gane ba tana yi miki magana. Shekarata 41, ina da aure, ba ni da ɗa, kuma ni na so haka. Ban taɓa rubuta wannan a fili ba sai yau.

Tambayar wa zai miƙa mana ruwa na ji ta har na gaji. 'Ya'yan ƙannena huɗu ni ke biya musu makaranta. In yaro ya kwanta ciwo cikin dare wayata ake fara kira a ce in turo kuɗi ta MoMo, wato ta waya. In biki ya tashi ni ake fara kawo wa yayi, a ce ai ba ni da nauyin kowa. Amma da an zauna hirar tarbiyya na sa baki sai a ce, "Ke me kika sani?" Kuɗina ya san hanyar gidajensu, bakina ne bai isa ba. Akwai sunan da na je aka ƙi miƙo mini jariri, da idona na ga uwar ta ja shi jikinta.

Mai tambaya, ki fahimci abin da kika cire mata. Muddin ana zaton jarrabawa ce daga Allah, tausayi take samu a zango. Ranar da aka san zaɓinta ne, tausayin nan zai juye ya zama shari'a, kowa alƙali. Shi ya sa ta damƙa sirrin a hannun mutum ɗaya tak.

Amma ba zan wanke ta tas ba. "Ke kika zaɓa" mummunar kalma ce, ni ma na taɓa faɗa wa ƙanwata, har yau ina nadama. Wanda ya zaɓi abu ma yana gajiya da shi. Mu da ba mu haihu ba, saboda yawan sukar da muke sha, wani lokaci mukan riga kai duka tun ba a taɓa mu ba.

Wata malamar Islamiyya daga Fadama ta ce:

Abu biyu ake cakuɗawa a nan. Hukuncin ƙin haihuwa malamai sun yi magana a kai, suna rarrabe tsakanin jinkirtawa da yanke ta gaba ɗaya, kuma wannan tsakaninta ne da mijinta da malamin da za su tambaya. Ba a ɗakin suna ake yanke shi ba. Tona sirrin da aka ba ki amana kuwa babu saɓani a kansa.

Sannan mu daina auna darajar mace da yawan 'ya'ya. A Suratush Shura, aya ta 49 da ta 50, Allah Ya ce Yana ba wanda Ya so mata, Ya ba wanda Ya so maza, ko Ya haɗa masa duka, Ya kuma bar wanda Ya so ba haihuwa. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, da ɗan yayarta Asma'u, Abdullahi ɗan Zubairu, aka yi mata alkunya Ummu Abdullahi, kuma ga tarin ilimin da al'umma ta ɗauka daga gare ta.

Kewar kanki ba zunubi ba ce. Alƙur'ani da kansa a Suratu Luƙman ya kira ɗaukar ciki rauni a kan rauni. Wanda Ya halicce ki bai ce abin da sauƙi ba.

Wata ungozoma daga Mamobi ta ce:

Kowa ya tafi kan ƙawar, ni layi ɗaya ne ya tsaya mini: kina kuka da dare ba ki san dalili ba, wata biyar bayan haihuwa. Ƙuncin da ke zuwa wa mai jego a kwanakin farko yakan wuce cikin mako biyu. In ya zarce haka, ga rashin barci ko da jaririya ta yi barci, ga rashin sha'awar abin da kike so a da, to yana iya zama ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na samun irin wannan matsala bayan ta haihu. Ba rashin imani ba ne, kuma ana maganinsa. Ranar da za ki kai yarinya awo, kada ki tsaya a kan kilonta kawai, ki ja nas gefe ki faɗa mata abin da kika faɗa mana. In har tunanin cutar da kanki ko jaririyar ya taɓa zo miki, kada ki jira ranar awo, ki tafi asibiti a ranar.

Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ba mai aikin albashi hutun haihuwa na aƙalla mako 12, in ta koma kuma tana da awa guda ta shayarwa a lokacin aiki. Mai albashi tana da ranar komawa da aka rubuta mata. Ke mai sana'ar hannu babu mai rubuta miki, shi ya sa wata uku ke zama shekara. Ki sauke kayan nan daga kan keken, ki sa masa mai. Ko awa ɗaya ce bayan azahar.

Wata daga Asawase ta ce:

Ina maigidan a duk wannan labari? 'Ya'ya uku ba ke kaɗai kika same su ba. Ya riƙe manyan biyu ranar da ba ya fita, ki samu ki yi barci. Haihuwar guzuma ake neman yi, ɗa kwance uwa kwance.

Mai tambaya ta dawo bayan kwana tara:

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na yi magana da nas ranar awo, ta haɗa ni da likita. Maigida ya fara ɗaukar yaran zuwa gidan mahaifiyarsa ranar Lahadi. Keken na buɗe shi, tsatsa ta kama ƙafar, sai da na kira mai gyara.

Na je wurinta jiya, ni kaɗai, kamar yadda Hajiya ta ce. A cikin trotro, motar haya, na yi ta shirya kalmomi, da ta buɗe ƙofa duk suka gudu, sai kuka. Ta bar ni na shiga, ta kawo ruwa. Ashe maganar ta kai kunnen uwar mijinta tun satin sunan. An yi zaman dangi sau biyu, ana matsa wa mijin ya ƙara aure, ita kuma surukar ta daina amsa gaisuwarta. Ta rame. Ta ce ta yafe mini don Allah, amma kada in tambaye ta komai a yanzu. Ban kai rabin awa ba na tashi.

Da ta rako ni bakin ƙofa ta ce, "Ki gaida gida, Maman wane." Tun da muke ba ta taɓa kirana haka ba.

Yanzu tunani nake ko in je wurin surukar tata in ce ƙarya na yi, zafin jego ne ya sa ni.

Hajiya ta Sabon Zango ta sake cewa:

Kada ki je, 'yata. Za ki ɗora ƙarya a kan ɓarna, kuma gidan ba naki ba ne. In tana son ki yi magana da wani ita za ta faɗa miki. Gwaggonki da matan da ke ɗakin nan su ne naki, ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki roƙe su su kame bakinsu. Ita kuwa ki riƙa tura mata gaisuwa duk Juma'a, gajeruwa, ba hoton yara, ba neman amsa. In Azumi ya zo ki kai mata kayan buɗa baki da hannunki.