An ce maigida ya rage gishiri, yanzu girkina ya zama lami, ya zan yi?

Maman_Biyu:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah shawara nake nema. Wata biyu kenan da aka auna maigidana aka ce yana da hawan jini, an ɗora shi kan magani kuma likita ya ce ya rage gishiri da maiƙo. Ni kuma hankalina ya tashi sosai domin mahaifinsa shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekaru kafin Allah ya karɓi abinsa, to sai kawai rana ɗaya na cire komai, ba gishiri ba dunƙule ba mai, na daina soya ko albasa, komai sai dai in zuba ruwa in dafa. Wlh tun daga ranan cokali biyu uku yake yi ya ture kwano ya ce ya ƙoshi, yara kuma sun ƙi ci sam, kuma ina zargin yanzu a waje yake cika cikinsa kafin ya dawo, kunga ai an gudu ba a tsira ba. Abin da nake so in sani shi ne wai dole ne abincin lafiya ya zama mara daɗi? Sannan da gaske ne dunƙule ya fi gishiri illa? Akwai kuma wani gishiri da aka ce na masu hawan jini ne, in saya?

Anti_Mai_Ilimin_Abinci:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma Allah ya saka miki da wannan kulawa. Abin da ya faru shi ne kin yi gaggawa. Likita ragewa ya ce, bai ce a cire gaba ɗaya ba, jiki ma yana buƙatar ɗan sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, don jijiyoyi da tsoka su yi aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan lissafin ya haɗa har da wanda yake ɓoye cikin abincin da aka sayo. Matsakaicin abin da mutane ke ci a duniya ya haura giram 10, ninki biyu kenan. To daga 10 ɗin nan ake saukowa a hankali, ke kuma kin yi tsalle zuwa sifili.

Harshe sabo ne da shi. In aka rage kaɗan kaɗan, misali kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kika saba zubawa, a zauna a haka sati biyu ko uku sannan a ƙara ragewa, cikin wata biyu zuwa uku za ki ga shi da kansa in ya ci abincin waje yana cewa gishiri ya yi yawa. A Ingila haka aka yi da biredi, kamfanoni suka riƙa rage gishirin cikinsa sannu sannu tsawon shekaru, tsakanin 2001 da 2011 ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 kuma mutane suka ci gaba da sayen biredinsu.

Maganar mai kuma, kada ki cire shi duka. Bitamin A da D da E da K sai da ɗan maiƙo jiki ke iya tsotse su, in kika ba shi karas da ganye zalla ba ɗigon mai kin rage masa amfanin su. Ki riƙa aunawa da cokali maimakon tuttulawa daga kwalba, domin giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko furotin 4. Wanda za ki guje wa shi ne man da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi, da kitsen nama mai yawa.

Hajiya_Kaka:
Ƴata bari in ɗora a kan abin da Malama ta faɗa, ni ban yi karatun abinci ba amma na fi shekara talatin ina gaban murhu kuma marigayi shi ma da hawan jini ya zauna. Daɗin abinci ba a gishiri kaɗai yake ba, rabinsa a wuta yake. Albasa da kika jefa a ruwa da albasar da kika bari a ƙaramar wuta da cokali ɗaya na mai tana laushi har ta yi ja ja, ai kamar ba abu ɗaya ba ne, ta biyun zaƙi take fitarwa da ƙamshin da zai cika gida. Haka tumatir, ki bar shi ya tsotse ruwansa ya yi kauri tsamin ya mutu kafin ki tsaida ruwan miya. Kifi ko kaza ki jiƙa su da tafarnuwa da ɗanyar citta da barkono da ruwan lemun tsami tun da safe ki sa a firji, in an jima ki gasa, kar ki dafa su a ruwa su yi fari fat. Kayan ƙamshi irin su kanumfari da kirfa da kurkum ki ɗan ɗumama su a busasshen kasko tukuna kafin ki daka, ƙamshin ya fi tashi.

Sai sirrin da nake gaya ma ƴaƴana kullum, in kin ɗanɗana miya kika ji kamar akwai abin da ya rage, kafin hannunki ya je kan gishiri ki matsa rabin lemun tsami bayan kin sauke tukunya. Sau da yawa tsami ne ya yi kaɗan. Kuma ɗan gishirin da za ki sa ki ajiye wani daga ciki sai a ƙarshe ki barbaɗa a sama, harshe ya fi saurin jin wanda yake a kai.

Abu ɗaya kuma, kar ki ware masa tukunyarsa daban kamar wanda yake kwance a asibiti, namiji in ya ga an maida shi majinyaci a gidansa zuciyarsa ba ta so. Kowa ya ci abu ɗaya, yaran ma gata kika yi musu.

Abu_Yara:
Hajiya kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Ni ma ina da hawan jinin shekara bakwai kenan, kuma da farko na yi abin da maigidan Maman_Biyu yake yi yanzu, ina ci a waje a ɓoye, sai da awo ya ƙi sauka sannan na gane kaina nake cuta. Abin da zan ƙara ƴar uwa shi ne ki lura da kayan leda da na gwangwani, taliyar nan mai saurin dahuwa da ɗan ƙullin garin da ke cikinta, kifin gwangwani, biskit, naman da aka sarrafa a kamfani, har biredi, duk akwai gishiri ko da baki bai ji ba. A bayan kwali sodiyam suke rubutawa, ki ninka shi sau biyu da rabi shi ne gishirin, in an rubuta miligiram 800 to giram 2 kenan, kusan rabin na yini guda a abu ɗaya. Lemon kwalba ma a sa ido, gwangwani ɗaya yakan kai giram 35 na sukari. Ni abin da ya taimake ni shi ne yawaita wake da kabeji da alayyafo da ayaba da lemu, an ce giram 400 na ganye da ƴaƴan itatuwa a rana, in ciki ya cika da su sauran kwaɗayin yana raguwa. Kuma dan Allah kar ya bar shan magani don an gyara abinci, tare suke tafiya.

Anti_Mai_Ilimin_Abinci:
Na manta ban amsa miki sauran tambayoyi biyun ba. Dunƙule dai babban abin da ke cikinsa gishiri ne, don haka in kin sa shi kin riga kin sa gishiri, kuskuren da ake yi shi ne a jefa uku huɗu sannan a kawo gishiri a ƙara. Ki zaɓi ɗaya. Shi kuma farin sinadarin ɗanɗano da ake ta tsoro, wato farin magi, wani masani ɗan Japan mai suna Kikunae Ikeda ne ya gano shi a 1908 daga wata ciyawar teku, kuma irin wannan ɗanɗanon yana nan a nunannen tumatir da naman kaza na tsiro da romon ƙashi, shi ya sa dabarar Hajiya ta ƙafar da tumatir take aiki. Sodiyam ɗin cikinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda ke cikin gishiri, amma dai sodiyam ne, yana shiga lissafi.

Gishirin masu hawan jini kuma an cire wani kaso na sodiyam ne aka sa wani sinadari mai suna fotashiyam a madadinsa. An yi babban bincike a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin da mutum kusan 21,000, sakamakon ya fito a 2021, waɗanda suka yi amfani da shi shanyewar ɓarin jiki ta ragu a cikinsu da kashi 14 cikin 100. Amma fa ki ji wannan da kyau, mai ciwon ƙoda bai kamata ya ci ba, haka wanda yake shan wasu magungunan hawan jini da ke tara fotashiyam a jini, domin in ya yi yawa yana iya rikita bugun zuciya. Kar ki saya sai kun nuna wa likitansa sunan maganin da yake sha, kuma in za ki sayi gishiri na yau da kullum ki duba mai aidin.

Maman_Biyu:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya jiya na gwada na albasar da lemun tsamin a kan gasasshen kifi, na sa rabin gishirin da na saba sawa da can, wlh sai da ya nemi ƙari, ƙaramin yaron ma ya cinye nasa tas. Na haɗa tukunyar ta koma ɗaya kamar yadda kika ce. Ranar Litinin zai koma awo, zan bi shi da kwalin maganin in tambayi likita maganar gishirin nan. Anti dan Allah waken gwangwani fa, in na tsiyaye ruwan na wanke shi gishirin yana raguwa ko sai dai in haƙura da shi?

Anti_Mai_Ilimin_Abinci:
Yana raguwa sosai, ki juye a matsami ki ɗauraye shi da ruwa sau biyu kafin ki zuba a tukunya, kuma ranar kar ki ƙara gishiri sai kin ɗanɗana.