Ina hidima a coci, amma zuciyata babu daɗi

Mai neman shawara (ta sakaya sunanta):
Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwa cikin Ubangiji. Shekaruna 24. Ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ina koyar da yara ranar Lahadi, ni ce kuma sakatariyar matasa. Duk aikin da aka rasa mai yi sunana ake kira, bakina kuwa bai iya cewa a'a ba. In aka yaba mini sai in ji ni ma mutum ce. Ranar da na yi waƙa aka tashi ba wanda ya ce sannu, sai in kwana ina neman inda na yi kuskure. Yanzu abin ya wuce nan. Barci ya ƙaurace mini, abinci sai na tilasta wa kaina, waƙar ma ta fita raina. Ƙawayena suna ta aure, in ga hotunansu a Instagram in rubuta "Allah ya sa albarka" ina hawaye. Na gaya wa wata babba a cikinmu, ta ce wadda take da Yesu ba ta baƙin ciki, in binciki kaina ko akwai zunubin da na ɓoye. Tun daga ranar, addu'a ma kunyarta nake ji. Bangaskiyata ce ta yi rauni, ko me ke damuna?

Wata 'yar'uwa:
Aikin Shaiɗan ne wannan. Ki ɗauki azumin kwana uku, za ki ga nasara cikin sunan Yesu.

Ma'aikaciyar jinya:
Haba 'yar'uwa, yarinya ta ce ba ta iya cin abinci, ke kuma ki ɗora mata azumi? Ƙanwata, ki saurare ni. In mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙuncin rai kusan kullum, abin da yake so ya daina yi masa daɗi, barci da ci suka rikice, to likitoci suna duba ko ciwon damuwa ne. Ciwo ne, yana da magani, ko ta hanyar zama da ƙwararre ana tattaunawa, ko da ƙwayoyi, ko duka biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kama mata fiye da maza. Ban ce shi ne ke damunki ba, ba a gane ciwo ta saƙo. Ki je asibiti, a kuma gwada jininki, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo su ma suna kawo kasala irin wannan. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwar miki, kada ki jira gobe, yau ki faɗa wa wanda kika amince da shi.

Matar fasto:
'Yata, wadda ta ce miki mai bi ba ya baƙin ciki, ta koma ta buɗe 1 Sarakuna sura 19. Annabi Iliya ne fa, wanda wuta ta sauko a Dutsen Karmel saboda addu'arsa. Sarauniya Yezebel ta aiko masa da barazana, ya gudu jeji, ya zauna gindin itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Me Ubangiji ya yi? Bai tambaye shi zunubin da ya ɓoye ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci. Sai da ya kai Dutsen Horeb aka yi maganar.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin saƙonki shi ne batun yabo. Ki karanta labarin Lai'atu, matar Yakubu, a Farawa 29. Yakubu kishiyarta Rahila yake ƙauna, ita kuma tana ta haihuwa tana sa rai. Ta haifi Ra'ubainu ta ce yanzu mijina zai ƙaunace ni. Da ta haifi Lawi, ɗa na uku, har yanzu zancen mijin ne a bakinta. Sai a na huɗu, Yahuza, ta ce wannan karo Ubangiji zan yaba. Ba a rubuta cewa Yakubu ya canza ba, ita ce ta daina auna kanta da idonsa. Ke ma kina haifar hidima ɗaya bayan ɗaya kina jiran a kalle ki. Mu manya muna da laifi a nan, in muka samu yarinya mai biyayya sai mu yi ta lafta mata kaya kamar jakin da ba ya ƙorafi. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Ba ki riƙe makirufo ba tukuna a lokacin.

Wata sa'arta:
Batun Instagram ba ke kaɗai ba ce. A 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, kamfanin da ya mallaki Instagram, ta fitar da takardunsa na cikin gida, binciken kamfanin da kansa ya nuna kusan ɗaya cikin uku na 'yan mata matasa da ba sa jin daɗin surar jikinsu sun ce manhajar na ƙara musu damuwar. Ni dai na rufe shafukan da in na gani raina ke ɓaci, ba tare da na yi faɗa da kowa ba, waya kuma ba ta kwana kusa da kaina. Hoton ranar biki kike gani, ba zaman gidan ba.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, na karanta ina kuka. Zan je asibitin. Amma Mama, yaya zan ajiye aiki ba a ce na ja da baya ba?

Matar fasto:
Za a faɗa, ki sa a ranki tun yanzu. Ki zaɓi ɗaya daga cikin ukun, wanda in ba a gode miki ba ma za ki yi shi. Sauran ki je wurin shugaban matasa da kanki, ba ta waya ba, ki ce, "Ba ni da lafiya, ina bukatar hutu na wata uku, a nemi wanda zai riƙe." Ba dole ki yi dogon bayani ba. In kina tsoron zuwa ke kaɗai, ki samu wata uwa a cocinku mai riƙe sirri ta raka ki.