Wai da gaske kula da muhalli yana rage kashe kuɗi a gida?

Maman_Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen masu sani. Kullum sai naji ana cewa in mutum yana kiyaye muhalli a gidansa to aljihunsa ma zai huta, amma duk abinda ake nuna min sai naga na kashe kuɗi ne, wai sa sola, sayi sabon firji mara cin wuta, canja wannan canja wancan, to wanda abin hannunsa baya kaishi ƙarshen wata ina zai samo? Ni so nake in san abubuwan da ba sai na sayi komai ba, ko ɗan abu kaɗan, kuma da gaske za'a ga bambanci a kuɗin wuta da gas da cefane. Yanzu dai cire caja muke daga soket in an gama, yara har sun saba, amma wlh bil ɗin ko motsi baiyi ba. Kuma raina na ɓaci in naga ledoji da ragowar abincin da muke fitarwa kullum, nasan ba daidai bane. Ta ina zan fara?

Mai_Gyaran_Wuta:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Cire caja ba laifi bane, ki barsu suci gaba, amma ba nan kuɗinki ke tafiya ba shiyasa baki ga canji ba. Cajar waya in tana jone babu waya a jiki bata cika jan rabin wat ba, ko wata guda ta kwana a soket bazata cinye rabin yunit ba. Butar dafa ruwa ta lantarki kuwa kusan wat 2000 take ja, kinga a minti 15 kacal ta cinye abinda cajar nan bata ci ba a wata.

Abinda nake faɗawa duk wanda nayiwa aiki shine, duk abinda aikinsa ɗumamawa ne ko sanyayawa shine mai cin wuta, dutsen guga, hita, buta, risho na lantarki, esi, firji. Can zaki sa ido. Guga a tara kaya ayi lokaci ɗaya maimakon kowa ya jona da safe don riga guda, dutsen yayi zafi ya huce ya sake zafi duk asara ce. Buta a zuba iya ruwan da ake buƙata, mutane sai su cika ta fal don kofi ɗaya. Hitar wanka kar a barta a kunne yini guda. In kina da injin wanki ki riƙa wanki da ruwan sanyi, domin mafi yawan wutar da injin keci wajen ɗumama ruwa take tafiya ba wajen juya kaya ba, sannan rana ta busar miki kyauta. Esi kuma 24 ko 25 ya isa, sashi a 16 baya sa ɗaki yayi saurin sanyi, kawai hana injin hutawa yake.

Abu ɗaya da zance ki cire kuɗi ki saya shine ƙwan LED in har yanzu akwai tsohon ƙwai mai zafin nan a gidan. Mai wat 60 da LED mai wat 9 kusan haske ɗaya suke bayarwa. Ki lissafa awa 5 kullum, tsohon yunit 9 a wata, LED bai kai ɗaya da rabi ba, to ki ninka da yawan ƙwayayen gidanki. Ki fara da wanda yafi daɗewa a kunne. Sannan ki rubuta lambar mita yau ki sake dubawa bayan sati, idonki zai nuna miki, ba sai wani ya faɗa ba.

Anti_Mai_Girki:
Malam ya gama magana akan wuta, amma ƙanwata ni a ganina babban ramin yana kicin. Abincin da kika zubar sau uku kika biya kuɗinsa, kin saya, kin ƙona gas kin dafa, wataƙila ma ya kwana a firji yana cin wuta kafin ya tafi bola. Kuma ba ke kaɗai bace, rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 yace a 2022 an zubar da abinci sama da tan biliyan 1 a duniya, kashi 60 cikin ɗari daga gidaje ya fito ba daga otal ko kanti ba, wajen kilo 79 kenan duk mutum ɗaya a shekara. Wannan abu yana taɓa min zuciya sosai, ga masu kwana da yunwa, ga shi in ya ruɓe a juji iskar metan yake fitarwa mai ƙara ɗumamar duniya.

Ki samu ma'auni guda ki san iya cikin gidanki, a zubawa yara kaɗan in basu ƙoshi ba a ƙara, yafi a cika faranti su jagwalgwala. Kafin cefane a leƙa abinda ya rage, wanda ya kusa lalacewa a jawoshi gaba a fara dashi. Wajen gas kuma murfi, murfi dai, tukunya a buɗe zafinta sama yake tafiya, kuma da ta tafasa ki rage wuta don ruwan da ya tafasa baya ƙara zafi komai ƙarfin wutar, ƙonewa kawai yake. In harshen wuta yana leƙowa gefen tukunya to gas ɗinki ne ke tafiya a banza.

Direba_ne:
Duk na yarda, sai dai ina so in ja kunne akan maganar canja kaya. Kar wani ya ruɗeki ki yar da abu mai aiki wai don ki sayi na zamani mai kare muhalli, shi sabon ma ai da ƙarfe da roba da makamashi aka ƙera shi. In yana gyaruwa a gyara, sai ya mutu sannan a nemi mara cin wuta.

Famfo mai ɗiga kuma kar a raina shi, ɗigo ɗaya duk daƙiƙa ya haura lita 10,000 a shekara, alhali sau da yawa 'yar robar ciki ce ta cinye. In akwai mota a gida maigida ya riƙa duba iskar taya, taya mara iska mai take sha kuma da wuri take suɗewa, haka barin inji a kunne ana jiran mutum. Leda dai gaskiya bazaki ga wani kuɗi sosai ba, amma ki riƙe jakar cefane don ledar nan ita ke toshe magudanar ruwa, kuma dan Allah kar a ƙona ta, hayaƙin guba ne ga yara.

Maman_Biyu:
Kai Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Malam tambaya ɗaya, maƙwabciyata tace kashe firji take da daddare ta kunna da safe, shima yana taimakawa?

Mai_Gyaran_Wuta:
A'a Hajiya ban baki wannan shawarar ba. Ɗan abinda kika rage da dare injin zai rama mafi yawansa da safe kafin ya dawo da sanyin, kuma in cikin ya haura digiri 5 ƙwayoyin cuta sun samu dama, abinci ya lalace kin koma maganar Anti kenan. Gara ki matsar dashi daga bango kaɗan bayansa ya sha iska, kar ya zauna kusa da murhu ko inda rana ke duka, abinci ya huce kafin a saka, firiza in tayi ƙanƙara mai kauri a narkar. Sai ki gwada robar ƙofar, ki sa takarda ki rufe ki ja, in ta zare ba wuya to sanyi na fita ta nan, a canja robar kawai.