Wai Samanja soja ne na gaske, ko kakin aro ne?

Ɗan Kofur:
Assalamu alaikum jama'a. Gardama ce ta kaure tsakanina da ƙanina jiya bayan isha'i, har muka yi da sharaɗin wanda ya faɗi zai sayi tsire. Shi ya dage marigayi Samanja bai taɓa riƙe bindiga ba, wai kaki kawai ake ba shi a gidan talabijin. Ni kuwa na ƙi yarda, kuma ga dalilina.

A bariki muka tashi, Babanmu kofur ne. Duk layinmu ɗakin wani saje ne kaɗai ke da talabijin, baƙi da fari, mai ƙofar katako da ake zugewa. Ranar da za a nuna Samanja tun magariba yara ke kama wuri a kan siminti, wanda ya makara sai leƙe ta taga. Baba ba mutum ne mai fara'a ba, Allah ya jiƙansa. Tsayawa yake a bakin ƙofa, hannu harɗe a ƙirji, kamar wucewa kawai zai yi. Amma da Samanja ya zare ido ya daka wa kurata tsawa, sai ka ji Baba ya tuntsire har tari ya sarƙe shi. Sau ɗaya na ji ya ce wa sajen nan: "Wannan ya sha fareti, dubi yadda yake buga ƙafa." Maganar nan kaɗai na riƙe shekara da shekaru. Wanda ya san tarihinsa ya raba mu. Sannan ko akwai mai tsofaffin kaset ɗin?

Malam Na Kabala:
Wa alaikumus salam. Ƙaninka ya tanadi kuɗin tsire. Sunansa Usman Baba Pategi, an haife shi a 1942 a Pategi, bakin kogin Kwara, cikin jihar Kwara ta yanzu. Banufe ne, ɗan gidan sarautar garin. Ya yi aiki a gidan rediyo a Kaduna, ya shiga soja a zamanin yaƙin basasa, bai ajiye kaki ba sai 1985. Sunan da ya bi shi har kabari kuwa muƙamin soja ne, samanja, wanda ke sama da saje, shi ne mai tsare da'ar kurata. Ya rasu a Kaduna ranar Lahadi, 12 ga Nuwamba, 2023.

Idon mahaifinka bai yi masa ƙarya ba. Soja na gane ɗan'uwansa ko a tafiya.

Hajiya 'Yar Tudun Wada:
Ɗana, ka tuna mini da nisa. Mu a gidanmu sai da faɗa ake kallonsa. Innarmu Bazazzagiya ce, ba ta ɗaukar wasa da harshe. Ta ce mutumin nan zai lalata mana baki, don da an gama shirin sai mu wuni muna kwaikwayon Hausar bariki, mace a ce mata "ya zo", Turanci a gutsura a cusa tsakiyar magana. Ranar da ƙanwata ta amsa kiranta da irin wannan murya, sai da muciya ta yi aiki.

Sai da na girma na auri ma'aikacin jirgin ƙasa na gane ba ƙirƙira ya yi ba. Haka mutane ke magana a bariki da kwatas ɗin reluwe: Tibi da Bayarabe da Bazabarme da Banufe, kowa da harshen uwarsa, Hausar nan mai karyayyen wuya ita ce ta haɗa su ciniki da gaisuwa da rigima a bakin famfo. Abin da ya sa nake ganin ya fi da yawa daga cikin masu barkwancin yanzu shi ne bai mai da masu wannan Hausa abin raini ba. Shi ne babba a shirin, shi ke ba da umarni, shi ke gyara ɓarna. Yau idan an sa wani ya yi gwarancin Hausa a fim, galibi shi ne wawan. Kuma ka lura da lokacin: ba a daɗe da fita yaƙi ba, sojoji ke mulki, farar hula na ganin kaki gabansa ya faɗi. Sai ga soja a akwatin talabijin yana fama da rikicin gida da na kurata kamar kowa.

Abba Kano:
Hajiya, a yi mana afuwa, mu 'yan baya Ibro muka tarar, shi ma ya rasu a Disambar 2014. Samanja a waya na fara ganinsa, gutsattsari a YouTube, hoton duk ya dushe, sautin na shiga yana fita. Yaya Ɗan Kofur, ka rubuta "Samanja Mazan Fama" za ka samu kaɗan. Gaskiya da farko ban ga abin dariya ba, shirin na tafiya a hankali. Kakana ne ya karɓi wayar, bai dawo mini da ita ba sai da caji ya ƙare.

Malam Na Kabala:
Abba, a hankali ɗin ne daɗinsa. Su Samanja da Kasimu Yero, mai shirin Karambana, wanda ya rasu a 2017, daga rediyo da dandamali suka fito, inda murya ce jarin ɗan wasa. Rufe idonka ka saurari Samanja, ba abin da zai ɓace maka.

Ɗan Kofur:
Na gode ƙwarai, Malam. Hajiya, Allah ya ƙara girma, muciyar nan mu ma mun sha irinta. Na karanta wa ƙanina duka. Yanzu ya koma cewa ai shi muƙamin yake musu, ba aikin sojan ba. Na ce masa mai tsiren bakin layinmu yana buɗewa ƙarfe bakwai, kuma na rago nake so.