Ina shan levothyroxine amma TSH ɗina ya ƙi sauka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fara damuna.

Wata takwas ke nan da likita ya ce tayirod ɗina, wanda ke gaban wuya, ba ya fitar da isasshen sinadari. Kafin a gano, kullum a gajiye nake, ina rawar sanyi alhali kowa na gumi, gashi kuwa sai in ga ya cika mataji. Aka ɗora ni a kan levothyroxine maikurogiram 50, daga baya 75. Gwajin ƙarshe ya nuna TSH, wato sinadarin da ake aunawa a jini don a ga yadda tayirod ke aiki, yana kan 8, bai koma daidai ba.

Jiya nake jin cewa ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyam suna hana jiki tsotse maganin, sai an raba su da awa 4. Ni kuwa tare nake haɗiye su da safe, ba wanda ya taɓa gaya min!

To, in raba su tukuna in sake gwaji bayan sati 6 zuwa 8 kafin a ƙara min magani? Kuma akwai wanda likita ya mayar masa da shi dare, kafin barci, ya ga sauƙi?