Atanshan: ƙame ko tsaya?

Jama'a, ku zo mu tsayar da magana a kan umarnin fareti. Mun ari soja da saje da kofur da samanja daga Turanci, har kurtu da maci sun zauna daram a bakinmu. Amma kalmomin da samanja yake daka wa sojoji tsawa da su har yau ba su da tsayayyiyar Hausa. Ɗauki atanshan kaɗai, wato "attention" na Turanci: wani ya ce tsaya, wani miƙe, wani hankalta.

Kafin a zaɓi kalma sai an san yadda umarnin yake aiki. Kashi biyu ne. Na farko faɗakarwa ce, ana jan ta da murya don soja ya san abin da ke tafe. Sai a ɗan yi shiru. Sannan kalmar zartarwa ta faɗo, gajeriya kamar an doki ganga sau ɗaya, a kanta ƙafa ɗari take motsi tare. In ta yi tsawo, wani zai motsa a farkonta, wani a ƙarshenta, sahu ya lalace. Shi ya sa ban yarda da hankalta ba, ko da yake ita ta fi kusa da ma'anar asali. Ta cika tsawo, kuma ba ta gaya wa jiki abin da zai yi.

Ku dubi sojan da aka ba wannan umarni. Dugadugansa a haɗe, yatsun ƙafa sun ɗan buɗe, hannuwa manne da cinya, babban yatsa bisa ɗinkin wando, ido na kallon gaba. Ko ƙuda ya sauka masa a hanci ba zai kore shi ba. Wane Bahaushe ne zai ga haka bai ce ya ƙame ba? Kalmar tana bakinmu tun tuni. Ni dai a nan na tsaya: atanshan, ƙame.

Tsaya kuwa mu bar wa holt, wato dakatar da maci. A nan harshenmu ya yi mana gata, don muna da cak. Sojan Ingila yana taku 116 a minti ɗaya in ana maci na sauri, na Amurka 120, kusan taku biyu ke nan kowace daƙiƙa. Mai wannan tafiya ba abin da zai tsayar da shi kamar a ja "tsayaaa", a yi shiru, a ce "cak!" Ku gwada da murya ku ji.

Inda aka fi kuskure shi ne sitanda'is, wato "stand at ease". Yawanci a ce huta, alhali ba hutu ba ne. Soja zai buɗe ƙafar hagu kamar inci 12, ya mai da hannuwa baya, amma ba magana, ba waiwaye. Da na so ware, sai na tuna a bakin matasa ware na nufin kama gabanka. Don haka buɗe. Huta ta jira umarnin da ke biye, wanda ake barin mutum ya saki jiki.

Wajen juyawa dole mu ɗan saɓa wa yadda muka saba magana. Mun saba cewa juya dama, amma a fili sai soja ya san ɓangaren kafin ya ji aikin. Saboda haka: dama, juya! Hagu, juya! Baya, juya! Na bayan nan kullum ta hannun dama ake yin sa.

Kada wani ya ce abin ba zai yiwu ba. Sojojin Indiya da Hindi suke ba da umarninsu, na Ayalan da harshen Ayirish. Hausa ma ta daɗe a bariki tun zamanin Turawa, daga nan aka sami Barikanci, wato Hausar bariki.

Saura guda da ta tsaya mini a rai, wato "present arms", wadda ake fassarawa da gabatar da makami. Wanda ya ji haka zai zaci a miƙa bindiga ake nufi, alhali gaisuwar girmamawa ce, soja ya riƙe bindigarsa a tsaye a gaban ƙirjinsa. Muna da sara, don mukan ce ya sara wa hafsa. Amma sara kusa da makami tana kawo wani tunani daban. Tsofaffin sojojin da ke cikinmu, ranku ya daɗe, me kuke kiran ta a tsakaninku in an tashi daga fili?